Arthur Lewis: Masanin da Ya Fifita Hujja a Kan Kowa

Ya ku ɗalibai, musamman masu karatun tattalin arziki a jami'o'inmu da kwalejojinmu, ko da son ranku kuka shiga ko kuwa gurbin da ya rage ke nan aka ba ku: akwai sunan da ba makawa sai kun ci karo da shi a darasin raya ƙasa, wato Arthur Lewis. Malami zai zana muku ra'insa a allo, karkara a gefe guda, masana'antu a ɗaya gefen, ku haddace domin jarrabawa, ku manta da shi da zarar an karɓi takardu. Abin da ba kasafai ake faɗa muku ba shi ne yadda mutumin ya rayu da iliminsa, kuma a ganina nan ne amfaninsa ya fi yawa ga matashin da ke shirin zama masani a ƙasar da gwamnati ce babbar mai neman shawara, kuma babbar mai ƙin jin ta. Lewis ya saɓa wa malaman da suka koyar da shi, ya ƙi ɗora ra'insa a inda ya ga bai dace ba, ya kuma rabu da shugaban da Afirka baki ɗaya ke yi wa tafi, duk a kan abu guda, wato abin da hujja ta nuna masa. Da wannan hali nake so in yi muku nasiha, ba kuma zan ɓoye muku abin da ya jawo masa ba, domin bai same shi a araha ba.

An haifi William Arthur Lewis ranar 23 ga Janairu, 1915, a Castries, babban birnin Saint Lucia, wani ɗan tsibiri a tekun Karibiyan da ke ƙarƙashin Turawan Ingila a lokacin, wanda har yau mutanensa ba su kai dubu 200 ba. Daga zuriyar bayin da aka kwaso daga Afirka ya fito. Iyayensa duka biyu malaman makaranta ne da suka ƙauro daga tsibirin Antigua. Yana ɗan shekara bakwai rashin lafiya ta kwantar da shi a gida, mahaifinsa ya koyar da shi na wata uku, da ya koma makaranta sai da aka tsallakar da shi aji biyu. Ba a jima ba mahaifin ya rasu, ya bar wa matarsa 'ya'ya maza biyar. Lewis ya gama sakandare yana da shekara 14, shekarunsa ba su kai ya zauna jarrabawar tallafin karatu ta gwamnati ba, sai ya kama aikin akawu yana jira, har ya ci jarrabawar a 1932. Injiniya ya so zama. Da ya duba sai ya ga babu gwamnatin mallaka ko kamfanin Bature da zai ɗauki baƙar fata aikin injiniya, don haka ya zaɓi karatun kasuwanci, ya shiga Makarantar Nazarin Tattalin Arziki ta Landan a 1933. Shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa a ranar da ya shiga bai san me ake nufi da ilimin tattalin arziki ba. Duk wanda ke ƙorafin cewa ba kwas ɗin da ya nema aka ba shi ba, to ga ɗan'uwansa nan.

Abin lura shi ne abin da ya fara yi da ya shiga. Lewis ya tashi da ƙyamar mulkin mallaka, tun yana yaro mahaifinsa ya kai shi taron magoya bayan Marcus Garvey, kuma a Landan ya yi cuɗanya da 'yan gwagwarmayar neman 'yanci. Yana da kowane dalili na ya ɗauki darussan malamansa a matsayin kayan masu mulki, ya watsar. Sai ya zauna ya ƙware a kansu. Ya fita da digiri mai daraja ta ɗaya a 1937, makarantar ta ɗauke shi koyarwa a 1938, baƙar fata na farko da ta taɓa ɗauka, ya kammala digirin digirgir a 1940 ƙarƙashin Arnold Plant. Batun da ya yi bincike a kansa ma ba na talauci ko 'yanci ba ne, busasshen batu ne na yadda masana'antu ke yanka wa kayansu farashi da yadda suke raba kuɗin gudanarwa. Da Friedrich Hayek, wanda ke riƙe da sashen tattalin arziki a lokacin, ya ce masa ya koyar da tarihin tattalin arzikin duniya tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, Lewis ya ce bai san fannin ba, Hayek ya nuna masa cewa koyar da abu ita ce hanyar saninsa. Daga wannan darasi littafinsa na 1949 kan shekarun 1919 zuwa 1939 ya fito. Duk wannan yana gudana ne alhali ana rufe masa ƙofofi saboda launin fatarsa: wata mujallar tattalin arziki a Landan ta ƙi ɗaukarsa aiki, wata jami'a a Ingila ta hana shi kujerar farfesa. A 1948 Jami'ar Manchesta ta ba shi kujerar, yana da shekara 33, ya zama baƙar fata na farko da ya hau wannan matsayi a Birtaniya. Na tsaya a kan wannan ne domin da yawa daga cikin matasanmu suna son su fara da inda Lewis ya ƙare. Suna son su rushe ra'ayoyin Turawa tun ba su iya warware lissafin da ke cikin littafin aji biyu ba. Wanda bai san abin da yake ƙaryatawa ba, ihu kawai yake yi, kuma babu wanda ihunsa zai canja wa ra'ayi.

Da ya ƙware, sai ya kawo tasa tambayar, kuma tambaya ce da sai ɗan ƙasar rake zai damu da ita. Me ya sa ƙarfe ke da tsada, gahawa kuma ke da araha? Me ya sa abin da ƙasashen zafi ke nomawa ba ya fitar da manominsa daga talauci komai yawan da ya noma? Akwai kuma tambaya ta biyu daga tarihi: me ya sa a shekaru 50 na farkon juyin masana'antu a Ingila ladan ma'aikaci bai motsa ba, alhali riba da jari suna ta hauhawa? Littattafan da ya koya, kuma yake koyarwa, sun ginu a kan cewa yawan ma'aikata ƙayyadadde ne, saboda haka duk lokacin da jari ya ƙaru dole lada ya tashi. Ya ba da labarin cewa a watan Agusta na 1952, yana tafiya a wani titi a birnin Bankok, ya fahimci cewa tambayoyin biyu amsarsu ɗaya ce, a jefar da ginshiƙin nan na cewa yawan ma'aikata ƙayyadadde ne. A ƙasashe irin su Masar, Indiya da Jamaika, akwai ɗimbin mutane a gonaki, a kasuwanni da gidajen masu hali, waɗanda aikin da suke yi bai kai yawansu ba. Mai masana'anta zai iya ɗibar su yadda ya ga dama a kan ladan da ya ɗara abin da suke samu a ƙauye da kaɗan, Lewis ya ƙiyasta ratar da kusan kashi 30 cikin ɗari, kuma ladan ba zai tashi ba muddin akwai wasu a bayansu suna jira. Riba sai ta taru a hannun mai jari. Idan ya mayar da ita cikin aiki, masana'antu su faɗaɗa, su ƙara ɗibar mutane, a haka a haka har rarar ma'aikatan ta ƙare, sannan lada ya fara tashi. Wannan ce maƙalar da ya buga a mujallar Manchester School a watan Mayu na 1954, inda ya ce babbar matsalar ilimin raya ƙasa ita ce gane yadda al'ummar da ke tanadin kashi 4 ko 5 cikin ɗari na abin da take samu za ta koma mai tanadin kashi 12 zuwa 15. Shekara guda bayan nan ya fitar da babban littafinsa kan bunƙasar tattalin arziki.

Akwai wani sashe na maƙalar da ɗalibai ba sa kaiwa gare shi, shi ne kuwa ya fi shafar mu. Lewis ya kawo misalin rake. Ya nuna cewa amfanin da ake samu a noman rake ya ninka kusan sau uku cikin shekaru 75, amma mai aikin rake yana nan ba takalmi, yana kwana a bukka, alhali mai aikin alkama a ƙasashen sanyi yana cikin masu jin daɗin duniya. Dalilin da ya bayar shi ne, ladan mai aikin rake ba daga rake ake auna shi ba, daga abin da ƙaramin manomin abinci ke samu a gonarsa ake auna shi, domin can ne zai koma idan ya bar aikin. Muddin manomin abinci yana noma kaɗan, duk wani ci gaba da aka samu a noman kayan fitarwa zai tafi ne ga mai saye a ƙasashen waje ta hanyar sauƙin farashi. Ku riƙe wannan, ku sake duba tarihin gyaɗa da auduga a ƙasar nan da shi, ku ga ko bai bayyana muku abin da ya sa dalar gyaɗa ta tashi a Kano amma manomin da ya noma ta bai tashi ba. Ma'anar maganar Lewis ita ce, ƙasar da ke son ɗan ƙwadagonta ya yi daraja, sai ta fara ɗaga darajar gonar gero da dawa.

Jarrabawar farko ta zo masa tun kafin maƙalar ta fito. A 1953 gwamnatin Kwame Nkrumah, lokacin ƙasar Ghana tana amsa sunan Gold Coast, ta nemi ya rubuta mata rahoto kan kafa masana'antu. Abin da ake so a ji a bayyane yake, kuma ga masanin da ke ɗauke da sabon ra'i kan yadda masana'antu ke haɗiye rarar ma'aikata. Da wani ne, da ya ga filin gwada hajarsa ya samu. Lewis ya duba ƙasar ya ga ba irin Jamaika ko Masar ba ce. Ƙasar noma tana da yawa, hannun aiki ne ya yi ƙaranci, har gonakin koko na kudu sun dogara da 'yan ci-rani masu gangarowa daga arewa da maƙwabtan ƙasashe. A irin wannan wuri ma'aikaci ba shi da araha, kasuwar cikin gida kuma ƙarama ce saboda manomi ba shi da abin saye. Sai ya rubuta cewa abu na farko shi ne a gyara noman abinci, na biyu a inganta ayyukan gwamnati irin su hanyoyi, ruwa da wuta, babban shirin masana'antu kuma ya dakata tukuna, in ban da wasu 'yan kaɗan da za su iya tsayawa da ƙafarsu. A cikin maƙalar 1954 ɗin ma ya faɗa ƙarara cewa ra'in nasa bai hau kan wasu sassan Afirka ba. Wannan a wurina ya fi abin da ya faru a Bankok nuna girman mutumin. Saɓa wa malami yana da daɗi ga matashi, har suna yake jawo masa. Amma mutum ya ce abin da na ƙirƙiro da kaina ba ya aiki a nan, wannan sai wanda ya fi son gaskiya da sunansa.

Ghana ta samu 'yanci ranar 6 ga Maris, 1957, a watan Oktoba na shekarar kuma Lewis ya isa Accra a matsayin mai ba Firayim Minista Nkrumah shawara kan tattalin arziki, ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya je da zumuɗi, domin a idonsa nasarar Ghana nasarar baƙar fata ce a ko'ina. Ƙasar tana da ajiyar kuɗi mai kauri da koko ya tara mata, kusan fam miliyan 200. Rigimar ta taso ne wajen tsara shirin raya ƙasa na biyu. Lewis yana son a kashe kuɗin a kan abin da zai dawo da riba, Nkrumah da ministocinsa kuma suna ta cusa ayyukan nuna isa da na sallamar magoya baya. Ya yi ta rubuta wa Nkrumah gargaɗi, wani lokaci da kakkausan harshe. Amsar da Nkrumah ya mayar masa ta shahara a wurin masu tarihi. Ya nuna masa cewa shawararsa, ko da ingantacciya ce, ta fuskar tattalin arziki kaɗai take, shi kuwa ɗan siyasa ne, dole ya yi caca da gobe. A ƙarshen 1958 Lewis ya tattara ya tafi. Ba wannan ne karon farko ba ma, domin a 1944 ya ajiye aikin sakataren wani kwamitin ba da shawara a ofishin kula da ƙasashen mallaka na Ingila bayan ya ga ba a shirya yin abin da ya dace ba. Abin da ya biyo baya a Ghana sananne ne. Ajiyar ta ƙare, bashi ya taru, farashin koko ya faɗi warwas a 1965, sojoji suka hamɓarar da gwamnatin ranar 24 ga Fabrairu, 1966.

A nan mai hankali zai iya tare ni da cewa, to me tafiyar tasa ta gyara? Ghana ta bi hanyar da ya hana, ko yana nan ko ba ya nan. Da ya haƙura ya zauna, wataƙila da ya rage ɓarna. Kuma Nkrumah bai yi ƙarya ba, shugaba yana ɗauke da nauyin da mai lissafi ba ya gani: jama'ar da aka yi wa alkawari, yankunan da ke barazanar ɓallewa, 'yan jam'iyyar da ke jiran rabonsu. Wannan magana tana da ƙarfi, ban kuma ce duk wanda aka ƙi shawararsa ya ajiye aiki ba, domin da haka ne da babu wanda zai rage a ma'aikatun kuɗi. Lewis kansa ya yi fiye da shekara yana jayayya daga ciki kafin ya fita. Sai dai akwai matsayin da idan aka kai shi, zaman masani ba ya rage komai, sunansa kawai ake ara a rufe abin da ya riga ya ce kuskure ne. Shugaba yana da ikon ya ƙi shawara, wannan haƙƙinsa ne, shi aka zaɓa. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya sa masani ya canja lissafi domin ya dace da abin da aka riga aka yanke. Mafi yawanku ba za ku zauna da shugaban ƙasa ba. Za ku zauna ne da kwamishina, da shugaban ƙaramar hukuma, da manajan banki, da jami'in ƙungiyar agaji mai son rahoton da zai nuna aikinsa ya yi nasara. Za a ce muku ku ɗan gyara alƙaluman. Ranar da kuka gyara, kun rasa abu ɗaya tak da ya sa ake neman ku, domin alƙalumman da ke bin son mai gida kowa ma zai iya rubuta su, ba sai wanda ya yi digiri ba.

Lewis bai tsaya a kan kuɗi ba. Abin da ya gani a Ghana, inda aka kafa dokar tsare mutum ba tare da shari'a ba a 1958 yana ƙasar, ya sa ya rubuta ɗan littafi kan siyasar Afirka ta Yamma a 1965. A lokacin, masana da yawa a Turai da Amurka, har da masu kiran kansu masoyan Afirka, suna kare mulkin jam'iyya ɗaya da cewa shi ya dace da al'adar nahiyar, shi ne kuma zai haɗa kan ƙabilu. Lewis ya ƙi. Ya ce matsalar ƙasashen nan ita ce sun ƙunshi al'ummomi daban-daban, kuma tsarin da aka gada daga Ingila, inda wanda ya ci zaɓe ke kwashe komai, wanda ya faɗi kuma ya tashi a tutar babu, guba ne a irin wannan ƙasa. Maganin da ya kawo shi ne a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowace jam'iyya ta samu, a yi gwamnatin haɗaka, a sakar wa yankuna iko. An zarge shi da zubar da mutuncin shugabannin Afirka a gaban Turawa. Shekara guda bayan fitowar littafin, gwamnatocin farar hula na Nijeriya da Ghana duka suka faɗi a hannun soja, kuma daga baya masanin siyasa Arend Lijphart ya sanya Lewis cikin waɗanda suka fara shimfiɗa tunanin raba mulki a ƙasashe masu al'ummomi mabambanta.

Ko ra'in nasa daidai ne? Ba duka ba, kuma bai kamata ku karɓe shi kamar saukakke ba. Theodore Schultz na Jami'ar Chicago ya ƙalubalanci batun rarar ma'aikata a littafinsa na 1964, ya kawo hujja da annobar mura ta 1918 zuwa 1919 a Indiya: inda mutane suka fi mutuwa, nan ne ƙasar da aka shuka ta fi raguwa, ke nan waɗanda suka mutu ba zaman banza suke yi a gona ba. Duk wanda ya san karkararmu zai fahimci wannan, domin saurayin da ke zaman kashe wando a watan Fabrairu har ya tafi ci-rani, shi ne ake nema ruwa a jallo lokacin noman farko. A 1970 John Harris da Michael Todaro suka nuna wata ɓaraka, mutane suna kwarara birni fiye da ayyukan da ke akwai, domin ko begen samun aiki ya isa ya taso mutum daga ƙauye, sai rashin aikin ya ƙaura daga gona zuwa bakin titi. Sannan ra'in ya ɗauka mai jari zai mayar da ribarsa cikin masana'anta, alhali mun ga inda ake mayar da ita gidaje a ƙasashen waje. Masaƙun Kaduna da na Kano sun ɗebi dubban mutane, suka durƙushe tun rarar ma'aikata ba ta ko rage ba. A ɗaya gefen kuma, da ƙasar Sin ta kwashe miliyoyin mutane daga karkara zuwa masana'antu, lada kuma ya fara tashi a wajajen 2010, da sunan Lewis masana suka yi ta muhawarar ko ƙasar ta iso magaryar da ya yi hasashe. Ra'in da ake jayayya da shi bayan fiye da rabin ƙarni ya yi aikinsa. Wani abin sha'awa kuma, da aka tashi ba shi lambar yabo ta Nobel a 1979, tare da Schultz aka ba su, mutumin da ya fi kowa sukar ginshiƙin maƙalarsa.

Suka mafi zafi daga gida ta zo masa. A 1950 ya ba tsibiran Karibiyan shawarar su jawo masu jari daga waje su kafa masana'antu, kamar yadda Puerto Rico ta yi, har 'yan ƙasa su koyi sana'ar su tara nasu jarin. Matasan masana na yankin, irin su Lloyd Best, suka yi wa shawarar laƙabin ba'a, wai kafa masana'antu ta hanyar gayyata, suna ganin sabon salon miƙa wuya ne. A 1969, lokacin da gwagwarmayar baƙar fata ta yi zafi a jami'o'in Amurka, ya rubuta cewa ɗaliban baƙar fata su dage kan fannonin da za su kai su manyan guraben aiki maimakon su keɓe kansu a sashen nazarin baƙar fata. Wannan ma ya jawo masa baƙin jini, har wasu suka ɗauke shi yaron Turawa, ga shi kuma Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma a 1963. Ina ganin a batu na biyun ya rage wa nazarin tarihin kai daraja fiye da kima, domin mutanen da ba su san tarihinsu ba ba za su san tambayar da za su yi ba, shi kansa kuwa tarihin rake ne ya ba shi tasa. Amma zargin cewa ya bar mutanensa bai tsaya ba. Mutumin da ya bar kujerar farfesa a Manchesta ya tafi Accra, ya koma Jamaika ya shugabanci kwalejin da ta zama Jami'ar West Indies a hannunsa, ya yi ta faɗi-tashin ceto tarayyar tsibiran da ta wargaje a 1962, ya kuma ɗauki hutu daga Jami'ar Princeton a 1970 domin ya kafa Bankin Raya Karibiyan a matsayin shugabansa na farko, ba za a ce ya guje wa gida ba. Abin da ya ƙi shi ne ya faɗa wa mutanensa abin da ke da daɗin ji don kawai nasa ne.

Wani kuma zai ce Lewis ɗan sa'a ne, haziƙi ne irin wanda ba a samu sai jefi-jefi, ya kuma samu tallafin da ya kai shi Landan, mu kuwa ɗakin karatunmu ko sabon littafi babu. Gaskiya ne basira rabo ce, kuma ban yi muku alkawarin Nobel ba. Har yau shi kaɗai ne baƙar fata da ya samu wannan lambar a fannin tattalin arziki. Amma ku dubi kayan aikin da maƙalar 1954 ta buƙata. Babu kwamfuta a ciki, babu lissafi mai wuya, 'yan zane-zane ne da doguwar hujja cikin harshe mai sauƙi. Abin da ya shiga cikinta shi ne karatun magabata irin su Adam Smith, David Ricardo da Karl Marx, waɗanda tsaransa suka ɗauka zamaninsu ya wuce, da sanin tarihi, da ido mai lura da yadda talaka ke neman abinci. Waɗannan littattafai yau suna cikin wayar da ke hannunku kyauta, kasuwa da gona kuma suna ƙofar gidanku, kun ma fi baƙon masani kusa da su.

Lewis ya koyar a Princeton daga 1963 har ya yi ritaya a 1983, ya rasu ranar 15 ga Yuni, 1991, a Barbados, aka binne shi a Saint Lucia a harabar kwalejin da ke ɗauke da sunansa. Roƙona gare ku shi ne ku nemo maƙalar nan ta 1954 ku karanta ta da kanku daga farko har ƙarshe, kada ku tsaya a taƙaitawar da ke cikin takardun malami. In kun gama, ku je kasuwar hatsi ko tashar motar da ta fi kusa da ku, ku tambayi masu dako da 'yan ci-rani nawa suke samu a yini, nawa kuma za su samu da sun zauna a gona, sannan ku zauna ku rubuta inda maganar Lewis ta hau kan garinku da inda ta kauce.